Ƙarar Ƙwanƙwasa a Injin Tsohuwar Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai riƙe da tsohuwar mota ya san cewa injinta bai taɓa yin shiru irin na motocin zamani ba, kuma kunnensa ya riga ya saba da irin kukan da take yi. Hankali yana tashi ne ranar da wata baƙuwar ƙara ta shigo cikin wadda aka saba ji. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga Peugeot 504 mai shan fetur, wadda aka fara fitarwa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a 1975 ya ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. Za a taɓo Volkswagen Beetle da Marsandi W123 a inda nasu al'amarin ya bambanta.

Shin duk ƙarar ƙwanƙwasa alama ce ta lalacewa?

A'a. A injin 504 da na Beetle, kamshaf, wato sandar nan mai ƙusumbi da ke juyawa, yana ƙasa a jikin injin, yana tura tafet, tafet ya tura siririyar sandar ƙarfe, sandar ta ɗaga roka, shi kuma roka ya danna kan bawul. Masu ƙera injin sun bar 'yar tazara da gangan tsakanin bakin roka da kan bawul, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, kuma idan babu wannan tazara bawul ba zai koma mazauninsa ya rufe ruf ba. Duk lokacin da roka ya cike tazarar ya taɓa bawul, sai a ji 'yar ƙara siririya, kas-kas-kas, mai tafiya bai ɗaya kamar ta keken ɗinki. Wannan ƙara ta lafiya ce. Wadda ya kamata a bincika ita ce wadda ta fita daban: guda ɗaya da ta fi sauran ƙarfi, ko wadda ba ta nan a makon jiya, ko wadda take ƙaruwa kullum.

Me ya kamata in lura da shi kafin in kai motar gareji?

Da farko a ajiye motar a wuri mai daidaito, a zaro sandar awon baƙin mai a ga inda ya tsaya, domin ƙarancin mai shi ne dalili mafi sauƙin ganowa kuma mafi saurin kashe inji. A shinshina man: idan yana warin fetur kuma ya tsinke, mai yiwuwa famfon fetur ya huje daga ciki ko kafireto yana ambaliya. Idan ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga.

Bayan haka sai a saurara da natsuwa, a riƙe amsar tambayoyi kaɗan. Ƙarar tana fitowa ne da safe injin na sanyi sannan ta ɗauke, ko sai ya yi zafi take bayyana? Tana bin totur, wato tana ƙara sauri idan an taka? Tana tsananta a hawan tudu da kaya, ko a daidai lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur? An yi wa motar wani aiki kwanan nan, ko an canza irin man da ake zuba mata? Makanike yana ganin motar na sa'a ɗaya ne, galibi ma bayan ta yi zafi a hanya, amma mai ita yana jin ta a kowane hali. Wannan bayanin nasa rabin binciken ne, kuma rashinsa ne ke sa a kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

Yaya ake bambance ƙarar saman inji da ta ƙasansa?

Ta hanyar sauri da nauyin ƙarar. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na kiranshaf, wato babbar sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa. Idan injin yana aiki a sulo, yana juyi 800 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 400 a minti, wato kusan sau bakwai a daƙiƙa. Wannan sauri ne da kunne zai iya bi, har mutum ya iya buga yatsa tare da shi. Ƙarar bawul siririya ce, mai kaifi, kuma ba ta damu da ko motar na ɗauke da kaya ko ba ta ɗauke ba. Ƙarar da ke fitowa daga ƙasa, daga metal (siririn ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a cikinsa) na konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ko na kiranshaf ɗin kansa, tana da kauri da zurfi, gwaf-gwaf, kuma tana sauyawa da nauyin da aka ɗora wa injin.

Wanda ke da fitilar saita wuta yana iya amfani da ita a nan. A maƙala ta a wayar filogi ɗaya a kalli walƙiyarta: idan ana jin bugu ɗaya a kowace walƙiya, zargi ya fi faɗawa kan ɓangaren bawul, idan kuma bugu biyu ne a kowace walƙiya, galibi matsalar tana ƙasa.

Da gaske ne ana iya gano wurin da sukudireba kawai?

Gaskiya ne, kuma tsofaffin makanikai sun daɗe suna yi. Ana samun doguwar sukudireba, a dafa bakinta a jikin injin, a manna kunne a kan mariƙinta, sai ƙarfen ya kawo ƙarar wurin da aka dafa kai tsaye. A fara da murfin bawul daga gaba zuwa baya, a sauko gefen bulok daidai kowace silinda, a taɓa murfin sarƙar taimin a gaba, famfon fetur, jikin altaneta, sannan kaskon mai a ƙasa. Inda ƙarar ta fi fitowa tsaf, nan ne kusa da tushenta. Guntun tiyo na roba ya fi dacewa wajen neman iskar da ke tsira, domin yana kama huci inda sukudireba ke kama bugu.

Dole a yi hattara ƙwarai a nan. Kada a sunkuya kan injin da ke aiki da babbar riga, ko rawani, ko mayafi, ko carbi a wuya, domin fanka da fanbel ba sa ba mutum damar ja da baya. A naɗe hannun riga, a sa motar a firi, a ja birkin hannu.

Idan tazarar bawul ce ta yi yawa, yaya ake saita ta?

Ana yin wannan aiki ne injin yana da sanyi sarai, kuma ya fi kyau a bar motar ta kwana. A injin fetur na 504, adadin da aka saba aiki da shi shi ne milimita 0.10 ga bawul ɗin shigar iska da 0.25 ga na fitar hayaƙi. A Beetle ana saka 0.15 ga duka biyun. Duk da haka a duba littafin injin da ke cikin motar, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci an sauya masu inji ko kan silinda a tsawon rayuwarsu. Kayan aikin kaɗan ne: sufana, sukudireba, sabon gaskit na murfi, da ma'aunin nan mai siraran ganyayyakin ƙarfe da makanikai ke kira fila-geji. Saiti da ido ko da jin hannu kawai ba saiti ba ne, domin bambancin 0.10 da 0.20 ya fi ƙarfin ganin ido.

Tsarin tashin wuta a 504 shi ne 1-3-4-2, kuma Faransawa suna fara ƙirga silinda daga bayan inji, wajen kuloci. Ana juya injin da hannu har bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai a saita na iska na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na hayaƙi na 3 ya buɗe, a saita na iska na 4 da na hayaƙi na 2. Idan na 4 ne, a saita na iska na 2 da na hayaƙi na 1. Idan kuma na 2 ne, a saita na iska na 1 da na hayaƙi na 3. A kowane ɗaya ana sassauta noti, a zura ganyen ma'auni, a murɗa sukurun har ganyen ya riƙa shiga da fita da ɗan ja kaɗan, sannan a riƙe sukurun a ɗaure noti. Sai a sake aunawa bayan ɗaurin, domin ɗaure noti yakan ja sukurun ya canza tazarar, kuma a nan ne yawancin saiti ke ɓaci ba tare da an lura ba.

An saita bawul daidai, amma ƙarar ba ta tafi ba. Mene ne kuma?

Abu na farko da za a duba shi ne bakin roka. Bayan shekaru yana dukan kan bawul, yakan yi ɗan rami a daidai wurin da suke haɗuwa. Ganyen ma'auni yana da faɗi, don haka sai ya kwanta a kan gefunan ramin ya nuna 0.10, alhali ainihin tazarar da ke tsakiya ta ninka haka. A cire rokan a shafa bakinsa da farce, za a ji ramin. Maganinsa shi ne a gyara fuskar a wurin masu injin gyaran ƙarfe ko a sauya shi.

Sai sandar tura roka, wadda takan lanƙwashe idan bawul ya taɓa maƙalewa, musamman a motar da ta daɗe a ajiye. A mirgina ta a kan shimfiɗaɗɗen gilashi, idan tana tsalle ta karkace. A duba sifirin ɗin bawul ko akwai wanda ya karye, a girgiza kowane roka a kan sandarsa a ji ko ya yi lako-lako. A kuma tayar da injin na ɗan lokaci murfin yana buɗe, a ga ko mai yana isowa kowane roka, domin hanyoyin man sukan toshe da daskararren datti, rokan da ya bushe kuwa dole ya yi kuka.

Mafi tsada a wannan rukuni shi ne cinyewar ƙusumbin kamshaf da gindin tafet. Alamarsa ita ce roka ɗaya yana motsi kaɗan idan aka kwatanta da 'yan'uwansa, kuma tazararsa tana sake buɗewa kwanaki kaɗan bayan an saita. Idan ta kai ga haka, ana sauya kamshaf da tafet gaba ɗaya tare, domin tsohon tafet yana cinye sabon kamshaf cikin ɗan lokaci.

Makanike ya ce zai ɗan matse bawul ɗin har ƙarar ta ɗauke. In yarda?

Kada a yarda. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace cutar da tsofaffin injina, domin sakamakonta na farko yana da daɗin ji: motar ta yi shiru, mai ita ya biya ya tafi yana murna. Bawul ɗin hayaƙi yana zubar da mafi yawan zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan aka cinye tazarar, da zarar injin ya yi zafi bawul ɗin ba zai ƙara rufewa sosai ba, wutar konewa za ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone bakinsa. Daga nan sai injin ya fara rawa a sulo, ƙarfi ya ragu, a ƙarshe a sauke kan silinda. A Beetle abin ya fi muni, domin iska ce ke sanyaya injin, kuma a injinan da aka yi kafin 1971 na'urar sanyaya mai tana tare wa silinda ta 3 iska, shi ya sa bawul ɗin hayaƙinta ya yi suna wajen ƙonewa, wani lokaci ma kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin.

Saboda haka bawul ɗin da ya yi shiru da kansa ma abin bincike ne. A injinan da mazaunin bawul ɗinsu yake cikin baƙin ƙarfen kan silinda kai tsaye, dalmar da ake sa wa fetur a da ita ce ke kare wurin. An daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, kuma ba tare da dalmar ba bawul yakan riƙa nutsewa cikin mazauninsa a hankali, tazarar tana raguwa. Kan silindar 504 da na Beetle na alminiyam ne mai mazaunin ƙarfe da aka dasa, don haka sun fi jurewa, amma auna tazarar lokaci-lokaci ne kaɗai zai nuna gaskiyar halin da ake ciki.

Motata ba ta da wurin saita bawul. Yaya nata yake?

Yawancin manyan motocin Amurka, da motocin Japan da na Turai da yawa daga shekarun 1980, suna da tafet mai cika da mai, wanda ke cike tazarar da kansa. Irin wannan idan ya yi ƙara na 'yan daƙiƙu da safe sannan ya yi shiru, ba abin damuwa ba ne, man da ke cikinsa ne ya tsiyaye da dare. Idan ƙarar ta zauna bayan injin ya yi zafi, ko dai datti ya toshe shi, ko matsin mai ya yi ƙasa, ko kuma an cika mai ya wuce ƙima har kiranshaf yana kaɗa shi yana kumfa. A fara da sauya mai da filta, a auna matsi, kafin a yi maganar buɗe inji.

Zai yiwu ƙarar ba daga cikin injin take fitowa ba?

Sosai ma, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi a banza. Gaskit ɗin da ke tsakanin kan silinda da bututun hayaƙi idan ya huje, yana fitar da ƙara mai kama da ta bawul ƙwarai, cat-cat-cat, har gogaggen makanike yakan ruɗe. Bambancinta shi ne takan fi ƙarfi da sanyi, ta ragu idan ƙarfen ya yi zafi ya matse hujin, kuma tana ƙaruwa idan an taka totur da kaya. A haska wurin da tocila a nemi baƙin tabo na hayaƙi ko ƙusar da ta karye.

Filogin da bai ɗauru ba yana yin irin wannan huci. Wayar filogin da ta tsage tana tsartar da wuta zuwa jikin inji da ƙara tas-tas, kuma idan aka buɗe bonet cikin duhu za a ga shuɗin tartsatsin da ido. Famfon fetur na ƙarfe, wanda kamshaf ke bugawa, yana ƙwanƙwasa da saurin bawul idan sifirin ɗin hannunsa ya mutu. Fanka tana iya taɓa wani abu, haka nan boris ɗin famfon ruwa ko na altaneta yana iya lalacewa. Don kawar da zargin waɗannan, a cire fanbel a tayar da injin yana sanyi na ƙasa da minti ɗaya, idan ƙarar ta ɓace to an san inda take. A Beetle wannan bel ɗin ne ke juya fankar da ke sanyaya injin baki ɗaya, don haka 'yan daƙiƙu kawai za a ba shi.

Sarƙar taimin ta 504 kuwa, idan ta saki ko abin da ke ɗame ta ya gaji, ƙararta ta fi kama da kwaramniya daga gaban inji, kuma an fi jin ta a sulo.

Wace ƙara ce ke nufin in kashe motar nan take?

Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙara fitowa idan mai ya yi zafi, kuma ya fi tsananta a lokacin da aka ɗan taka totur aka saki. Idan ya haɗu da fitilar mai da ke ƙiftawa a sulo, to metal ɗin konrod ya cinye. Fitilar nan ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, saboda haka ƙiftawarta ba gargaɗin farko ba ne, ɓarna ta riga ta fara. A tsaya, a nemi abin da zai ja motar. Wanda ya tsaya da wuri yakan tsira da sabon metal da ɗan gyaran kiranshaf, wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gida kuwa yana iya ganin konrod ya fasa bulok ya leƙo waje.

Ana tabbatarwa ta hanyar cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai rufin roba, injin yana sulo. Idan bugun ya ragu sosai da aka kashe wutar wata silinda, matsalar tana cikinta, domin an ɗauke dukan da ke sauka kan metal ɗin. Ƙarar bawul ba ta canzawa da wannan gwaji. Sannan a tsiyaye man a faranti mai tsabta a kai shi rana: ƙyalli mai launin jan ƙarfe ko azurfa a cikinsa shaida ce da ba ta buƙatar gardama.

Akwai wata ƙara mai kama da wannan amma ba ta kai ta haɗari ba, ita ce ta fistin da ya yi wa silinda ƙanƙanta saboda tsufa, yana kaɗawa yana dukan bango. Tana da amo kamar na abu mai rami, ana jin ta da sanyi, kuma tana raguwa idan fistin ya yi zafi ya kumbura. Inji yana iya daɗewa a haka. A 504 ma gyaran yana da sauƙi idan lokacinsa ya yi, domin silindodinta hannun riga ne da ake zarewa, ana sayen su a haɗe da fistin da ringi.

Ƙarar ba ta fitowa sai ina hawan tudu ko na taka totur a babbar giya. Ita ma bawul ce?

Ba ita ba ce. Wannan siririyar ƙara mai kama da girgiza ƙananan ƙusoshi tana nufin fetur yana fashewa a cikin silinda maimakon ya ƙone a tsanake. Dalilanta su ne wutar da aka saita ta yi gaba da yawa, fetur maras kyau, injin da ke zafi fiye da kima, kafireton da ke ba da iska fiye da mai, ko tarin gawayi a kan fistin. A duba saitin dilko da fitila, a duba lagireto, a sauya gidan man da ake sha. Kafin a gyara, a riƙa sauka zuwa ƙaramar giya a tudu, domin idan aka bar abin ya daɗe yana karya ringi, yana kuma iya huda fistin.

Mai mai kauri ko maganin da ake zubawa a inji zai magance ƙarar?

Zai iya rufe ta, amma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa. Mai irin 20W-50 ya dace da waɗannan injina a yanayinmu na zafi, kuma shi ne aka saba zuba masu. Abin da ba shi da kyau shi ne a ƙara masa wani abu mai danƙo don a kwantar da bugun metal, domin da safe irin wannan haɗin yana jinkirin hawa zuwa saman inji, roka da tafet su yi ta aiki a bushe. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan, ya zaro sandar mai ya ga ko yana ɗiga ko yana jan zare, kuma ya nemi a tayar masa da ita tana da sanyi.

Akwai wani batun da ya shafi masu tafet mai shafaffen gindi, irin na 504 da Beetle. Sinadarin zinc da fosfaras da ake kira ZDDP shi ne ke kare wurin da kamshaf ke gogar tafet. Ma'aunin ingancin baƙin mai na API SM na 2004 ya taƙaita fosfaras zuwa kashi 0.08 cikin ɗari a mayuka masu tsinkewa irin 5W-30 da 10W-30, domin kare na'urar tace hayaƙi ta motocin zamani. Wannan iyaka ba ta hau kan 20W-50 ba, wanda ƙarin dalili ne na zama a kansa. Beetle kuma ba ta da filtar mai ta takarda, 'yar rariyar ƙarfe ce kawai a ƙasa, don haka sauya mai a kan kari, kusan duk kilomita 5,000, ya fi muhimmanci a gare ta, balle a lokacin ƙurar hunturu.

Marsandi mai shan gas fa, wadda dama can tana da ƙara?

Injinan dizal na W123, irin na 200D, 240D da 300D, ƙwanƙwasa ɗabi'arsu ce, musamman da sanyi. Su ma ana saita masu bawul da hannu, abin da masu su da yawa ke mantawa har motar ta fara wahalar tashi da safe. Idan bugu ɗaya mai kaifi ya fita daban, a fara zargin nozul. A sassauta notin bututun gas na kowace silinda bi da bi, a rufe shi da tsumma kuma a nisantar da hannu domin man yana fita da matsi mai huda fata. Silindar da bugun ya ɗauke a kanta, a sauya wa nozul ɗinta wuri da na wata. Idan bugun ya bi nozul ɗin zuwa sabon wurinsa an gano mai laifi, idan ya zauna a inda yake to matsalar tana cikin silindar.

Me zan nema a yi kafin in amince a sauke inji?

A nemi awo uku. Na farko tazarar kowane bawul, a rubuta abin da aka tarar kafin a taɓa komai. Na biyu matsin kowace silinda, wanda bai kamata bambancinsu ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba. Na uku matsin mai da agogon awo na gaske da aka ɗaura a gurbin na'urar fitilar mai, a karanta shi injin yana da zafi, a sulo da kuma an taka. Idan duka ukun sun yi kyau kuma babu ƙyallin ƙarfe a cikin mai, babu hujjar sauke inji saboda ƙara kaɗai.

Idan kuma ta tabbata sai an buɗe, mai mota ya tsaya a auna kiranshaf da ma'auni kafin a sayi metal, domin yawancin waɗannan injina an taɓa rage masu kiranshaf, kuma metal ɗin da bai dace da girmansa ba yakan dawo da bugun cikin ɗan lokaci. Ana samun kayan 504 har yanzu a kasuwanni irin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, sabo da na hannu. A tafi da tsohon abin da aka cire don a gwada su gefe da gefe, a duba lambar girman da aka buga a bayan metal ɗin, kuma idan roka ko kamshaf na hannu za a saya, a goge masa mai a shafa fuskarsa da farce tun a gaban mai shago.